Yadda Ake Tafiya a Ƙafa Cikin Birni Ba Tare da Mota Ta Kaɗe Ka Ba

Babban mutum mai ƙoshin lafiya yana buƙatar kusan sakan 6 kafin ya tsallaka titi mai layi biyu, in bai yi gudu ba kuma bai yi nawa ba. Faɗin irin wannan titi kusan mita 7 ne, mutum kuwa mita ɗaya da 'yan kai yake ci a kowane sakan. To a cikin sakan shidan nan, motar da ke gudun kilomita 60 a awa ta riga ta cinye mita 100, wato tsawon filin ƙwallo guda. Motar da ka hango can nesa, ka ce a ranka "ai wannan da sauranta", ita da kai za ku iso tsakiyar kwalta tare.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan titi dai ban yarda da wannan magana ba. Ido ya iya kimanta nisa, amma gudun abin da ya nufo shi kai tsaye yana ruɗa shi. Motar da ke tahowa ba ta nuna alamar sauri, girma kawai take ƙarawa kaɗan-kaɗan, sai ta zo dab sannan ta cika maka ido. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mamatan da ƙafarsu suke tafiya lokacin da abin ya same su. A tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29, babu cutar da ke kisa kamar titi.

Bari mu bi abin daki-daki, tun daga ƙofar gida.

Zaɓi hanya tun kafin ka sa takalmi

In akwai wurin da kake zuwa kullum, wurin aiki ko makaranta ko tasha, zauna sau ɗaya ka lissafa sau nawa kake tsallaka babban titi zuwa da dawowa. Mai tsallakawa sau huɗu a rana, a shekara ya yi fiye da sau 1,400, kuma sau ɗaya tak ake buƙatar lissafi ya kuskure. In akwai wata hanya ta cikin layukan unguwa da za ta rage maka biyu daga ciki, ɗauke ta ko da za ta ƙara maka minti biyar. Ka kuma riƙa fita da wuri. Yawancin gangancin da na taɓa yi a kan titi, makara ce ta sa ni.

Tafiya a gefen titi

In akwai dakalin masu tafiya a ƙasa, hau shi, ka riƙe ɓangaren da ya fi nisa da kwalta. In babu, bi gefen da za ka fuskanci motocin da ke tahowa. A ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama, irin su Najeriya da Nijar da Faransa da Amurka, gefen hagu ke nan. A inda ake tuƙi ta hagu, kamar Ingila da Indiya da Kenya, gefen dama ne. In direba ya kauce daga layinsa, saboda waya ko gyangyaɗi ko rami, wanda ke fuskantarsa yana da sakan ɗaya ko biyu na yin tsalle gefe. Wanda ya ba shi baya kuwa, sai dai ya ji a jikinsa.

Wuri ɗaya ne wannan doka ke da gyara: kwana mai tsanani wadda gini ko tudu ya tare ta. In bin gefenka zai sa ka a cikin ƙugun kwanar, inda direba ba zai gan ka ba sai ya zo kanka, gara ka tsallaka tun da nisa zuwa bayan kwanar, in ka wuce ta ka dawo hannunka. In kuna da yawa, ku bi sahu ɗaya, a ajiye hira kafaɗa da kafaɗa sai an samu fili.

Matsalar da ta fi yawa ita ce dakali yana nan amma an cinye shi: wani ya yi fakin a kai, wani ya zube yashin gini, ga lambatu a buɗe. Dole ka sauka kwalta ka kewaye. To ka ɗauki wannan saukar tamkar tsallaka titi. Tsaya, waiga, bari abin da ke tafe ya wuce, sannan ka kewaye ka koma sama nan take. Mutane da yawa suna sauka ne ba tare da waiwaye ba, domin a ransu har yanzu a gefen hanya suke.

Ka kuma sa ido a ƙofofin gidaje da mashigar gidan mai da wuraren fakin. Motar da ke tsaye amma injinta na aiki, ko farar fitilar bayanta ta kama, ribas za ta yi, kuma mai ribas rabin abin da ke bayansa kawai yake gani.

Tsallakawa

Nan ne gizo ke saƙa, don haka nan za mu daɗe.

Fara da zaɓen wuri. Wurin tsallakawa mai kyau shi ne inda kake hango nesa ta hagu da dama, na nesa kuma yake hango ka. Kada ka tsallaka a kwana, ko a bayan tudu, ko ta gaban bas ɗin da ka sauka yanzu. Bari bas ɗin ya tashi tukuna titi ya buɗe maka. In dole ta sa ka fita ta tsakanin motoci biyu da aka yi fakin, fara duba ko akwai mutum a kan sitiyarinsu, sannan ka matsa har daidai gefensu na waje ka tsaya. Nan ne bakin titinka na gaskiya, daga nan za ka leƙa.

Sai tsayuwa. Ka tsaya cak, taku ɗaya baya da bakin kwalta, domin madubin bas ko kayan da aka ɗaure a bayan babur suna wuce faɗin abin hawan. Waya ta koma aljihu, abin jin sauti da ka toshe kunne da shi ya fita. Kunne yana jiyo abin da ido bai kai gare shi ba, musamman babur da ya taho ta baya. Sai dai kada ka dogara da kunne shi kaɗai, don motoci da babura masu amfani da lantarki kusan shiru suke tafiya in ba su da gudu. Shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta fara wajabta sa musu na'urar da ke yin ƙara.

Sai dubawa. A inda ake tuƙi ta dama, hagu za ka fara duba, domin ta nan motar da ta fi kusa da kai za ta fito, sannan dama, sannan ka sake duba hagu kafin ka ɗaga ƙafa. A inda ake tuƙi ta hagu, sai ka juya tsarin. Wannan yana cin baƙi ƙwarai, har ta kai a Landan an rubuta a ƙasa, a bakin wuraren tsallakawa da yawa, gefen da mutum zai duba. Ko titin mai hannu ɗaya ne, duba duka gefen biyu. Mai babur ɗin da ya biyo hannun da ba nasa ba bai nemi izinin kowa ba.

Yanzu ga dabarar da ta fi kowace amfani, kuma ba a cika koyar da ita ba. Tunda ido ba ya auna gudu, sai ka auna da ƙidaya. Zaɓi wata alama can ta inda motoci ke fitowa, turken fitila ko allo ko bishiya. Bari mota biyu ko uku su wuce, kana ƙidaya a zuciya daga lokacin da kowace ta gifta alamar har ta iso gabanka: ɗaya, biyu, uku, huɗu. In sakan 4 suke ɗauka, kai kuma kana buƙatar 6, to duk motar da ta kusa alamar ta riga ka, ka bar ta. Sai ka nemi alamar da ta fi nisa, wadda ke ba ka sakan 9 ko 10, ka mai da ita iyakarka: muddin akwai mota tsakaninka da ita, ba ka shiga. A titin da kake bi kullum sau ɗaya za ka yi wannan aiki, alamar ta zauna maka. A titi mai layi huɗu babu tsibiri, wato dakalin tsayawa, a tsakiya, lissafin ya ninka: sakan 12 gare ka, mita 200 ga mota mai gudun 60.

Kada ka ce ai direba zai taka birki. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ƙiyasta cewa mota mai gudun kilomita 48 tana buƙatar mita 23 kafin ta tsaya, mai gudun 64 mita 36, mai gudun 96 kuwa mita 73. Wannan fa a busasshen titi ne, da taya mai kyau, da birki mai ci, da direban da hankalinsa ke kan hanya. Cire ɗaya daga cikin huɗun nan ka ga yadda nisan zai ƙaru.

Abu na gaba, ka tabbatar an gan ka. Haɗa ido da direba yana da kyau in zai yiwu, amma sau da yawa gilashi mai duhu ne, wani lokaci kuma mutum yana kallon inda kake alhali hankalinsa na wani wuri. Abin da ba ya ƙarya shi ne motar kanta: ka ga gudunta ya ragu a zahiri, gabanta ya ɗan dunƙufa, tayoyi sun lafa. Sigina ma ba alkawari ba ce, wani tun kwanar baya ya manta da ita a kunne.

In wani direba ya tsaya ya ba ka hannu, ka gode masa, amma ka sani layinsa kaɗai ya ba ka. Wannan shi ne tarkon da ya kusa ci na. Wata rana bas ya tsaya mini, direban ya yi mini alama da hannu in wuce, na ɗaga masa hannu na shiga da sauri don kada in ɓata masa lokaci. Ina fitowa daga gaban bas ɗin sai iska ta buge mini fuska, wata ƙaramar mota ta wuce ta layi na biyu, madubinta ya shafi jakar da ke hannuna. Shi mai ƙaramar motar bai gan ni ba, bas ya tare masa ni, ni ma ya tare mini shi. Tun daga ranar, in na zo ƙarshen motar da ta tsaya mini, sai na ja birki na leƙa layi na gaba kamar yanzu na fara tsallakawa. Ka yi haka a kowane layi, har da ɗan tsukin da ke tsakanin motoci a cunkoso, don nan babura ke kurɗawa.

In ka shiga, tafi a miƙe, kada ka yanka a karkace, domin karkata tana ƙara maka mitoci a kan kwalta. Ka yi sauri amma ban da gudu. Mai gudu ba ya iya tsayawa nan take, takalmi na iya zamewa, kuma faɗuwa a tsakiyar titi ta fi komai muni. Ka ci gaba da duba gefe da gefe har ka hau ɗaya gefen. Abin da ya fi rikita direba shi ne mai shiga yana fasawa: ya yi gaba, ya ja baya, ya sake yin gaba. Direban da ya gan ka kana tafiya ya riga ya shirya bi ta bayanka, in ka juya da baya kai ka kai kanka gabansa. Shawarar shiga ko fasawa a bakin titi ake yanke ta.

Titi mai hannu biyu da tsibiri a tsakiya, titi biyu ne. Tsallaka na farko, hau tsibirin, tsaya, ka sake komai daga farko, wannan karon ta ɗaya gefen motoci za su fito. Amma farin layin da aka shafa a tsakiyar kwalta ba tsibiri ba ne. Wanda ya tsaya a kansa motoci na wucewa ta gaba da baya, fenti kawai ya tsare shi.

Fararen layukan nan na tsallakawa da ake ce wa zebra, waɗanda aka fara shafawa a hukumance a garin Slough na Ingila a 1951, suna ba ka haƙƙi a doka a ƙasashe da yawa. Yi amfani da su, don a nan direba ya fi tsammanin ganin mutum. Sai dai haƙƙi ba ya tare ƙarfe, ka jira sai mota ta lafa. Haka abin yake a danja: in ta ba ka hannu, ƙidaya biyu tukuna saboda mai ƙoƙarin tserewa kafin ja ta kama shi, sannan ka waiga kafaɗarka saboda masu shan kwana, don a mahaɗa da yawa ana sakin su lokaci guda da kai. A shataletale kuwa kada ka ratsa ta tsakiya. Matsa baya kaɗan daga bakinsa, ka tsallaka rassan ɗaya bayan ɗaya, ka tuna direban da ke shiga shataletale idonsa na kan motocin da ke zagayawa, kai ba ka cikin lissafinsa.

Gadar sama fa? A babbar hanya mai gudu, hau ta, komai tsawon matakalar. Na san tana gajiyarwa, kuma ina cikin masu ganin cewa a tsakiyar birni gada sau da yawa hanya ce ta kawar da mutane don motoci su sake, tsoho da mai keken guragu kuma a bar su da Allah. Amma wannan ƙorafi ne na kai wa hukuma. A gaban tirela mai gudun 80 ba a yin sa.

Manyan motoci

Direban tirela ko tifa ko babban bas yana zaune a sama, kuma akwai wuraren da sam ba ya gani: dab da gabansa, gefen da ba na direba ba, da bayansa gaba ɗaya. Mutum na iya tsayawa a gaban babbar mota a cunkoso, direba ya tashi bai san da shi ba. In ba ka ganin fuskarsa, kai tsaye ko ta madubi, ka ɗauka shi ma ba ya ganin ka.

Sai kuma kwana. In doguwar mota za ta sha kwana, kanta yana buɗewa waje, tayoyin baya kuma su yanko ciki, wani lokaci har su hau dakali. Ka ga kan ya wuce ka da nisa ka ɗauka an gama, ashe bayan na tafe inda kake tsaye. Da ka ga babbar mota ta nufi kwanar da kake, ja baya taku uku ko huɗu.

Manyan jif-jif masu dogon gaba ma ba abin rainawa ba ne. Wani bincike da cibiyar IIHS ta Amurka, mai nazarin hatsarin mota, ta fitar a 2023 ya nuna motar da tsayin gabanta ya wuce mita ɗaya ta fi mai gajeren gaba yiwuwar kashe wanda ta buge da kusan kashi 45 cikin 100, domin ita a ƙirji take duka, maimakon ƙafa.

Dare da ruwan sama

A Amurka, inda ake tattara alƙaluman nan da kyau, kusan kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙasa da mota ke kashewa cikin duhu abin ke faruwa. Dalilin yana da sauƙin ganewa. Kai kana hango fitilar mota tun daga nesa, sai zuciyarka ta ba ka cewa shi ma yana hango ka. Shi kuwa abin da fitilarsa ta haska kawai yake gani, 'yan mitoci a gabansa, in kuma wata mota ta dallare masa ido daga ɗaya hannun, na ɗan lokaci ba ya ganin komai. Mai baƙaƙen kaya a irin wannan hali inuwa ce kawai.

Saboda haka ka sa kaya masu haske, in son samu ne ka ɗaura wani abu mai ƙyalli da ke mayar da hasken fitila. A idon sawu ko wuyan hannu ya fi amfani, domin motsin gaɓoɓi shi ke sa direba ya gane mutum ne. In babu, kunna fitilar wayarka ka riƙe ta ƙasa-ƙasa ta gefen motoci. Tsallaka a ƙarƙashin fitilar titi, ko da sai ka ƙara tafiya. In ka hango fitila guda ɗaya tana tahowa, kada ka yanke cewa babur ne, mota ce mai ido ɗaya sai ka tabbatar. Ka kuma kula da almuru da hantsi, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa: in inuwarka ta miƙe doguwa ta nufi motocin da ke tahowa, to rana na cikin idon direbobin.

In ana ruwa, nisan tsayawar mota yana ninkawa aƙalla sau biyu, gilashinta ya yi hazo, kai kuma lema ta rufe maka gefe guda kana sauri. Ɗaga lemar sama kafin ka duba, ka kuma ninka ƙidayarka.

In kana tare da yaro ko tsoho

Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 bai gama iya auna gudun mota ba, komai wayonsa, kuma gajartarsa na ɓoye shi a bayan motar da aka yi fakin. Riƙe shi a wuyan hannu, domin tafin hannu yana zamewa in ya fizge. Shi ne a ciki, kai ne ta gefen kwalta. In za ku sauka daga mota, ta ƙofar da ke gefen dakali za a fito da shi. Kada ka taɓa kiran yaro daga ɗaya gefen titi, ko ka ɗaga masa hannu. Da ya gan ka, titin ya ɓace masa. Kai za ka tsallaka ka same shi.

Koyarwa kuma a bakin titi ake yin ta. Ku tsaya tare ka ce, "To, kai za ka faɗa mana lokacin da za mu wuce." In ya ce yanzu, tambaye shi me ya gani. In ya yi kuskure, ku bar motar ta wuce, ka nuna masa yadda ta iso da wuri. Ka kuma sani duk ranar da ka ja shi kuka ratsa da gudu don kuna sauri, darasin ranar shi zai riƙe.

Tsoho kuwa matsalarsa lokaci. Titin da kake ci a sakan 6, shi yana iya buƙatar 10 ko fiye. Da saurinsa za a yi lissafi, ka tsaya ta gefen da motoci ke fitowa, ka ɗaga hannu sama a gan ku.

In abin ya faru a gabanka

Fara tsayar da motocin da ke tahowa don kada a ƙara wani a kai, sannan a kira agajin gaggawa. Kada a ɗaga wanda aka buge a ruɗe, a kama hannu da ƙafa, sai in barinsa a wurin ya fi haɗari. Karayar wuya ko gadon baya a wajen ɗauka take zama shanyewar jiki. In dole a matsar da shi, kai da wuya da baya su tafi a miƙe tare. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a ɗura masa ruwa. Wani ya rubuta lambar motar. In kai aka buge ka miƙe kana jin garau, ka je asibiti duk da haka, musamman in kanka ya bugu.

In titin ne da kansa ba shi da kyau

Akwai wuraren da duk taka-tsantsan ɗinka ba zai wadatar ba. In a wuri guda ana ta kaɗe mutane shekara da shekaru, ba zai yiwu a ce dukansu sakarkaru ne ba. A 1997 majalisar Suwidin ta amince da tsarin da ya ginu a kan cewa ɗan Adam dole ya yi kuskure, don haka a gina titi yadda kuskure ba zai zama ajali ba. Jigon abin shi ne gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Shi ya sa taron ministocin ƙasashen duniya kan hatsarin hanya da aka yi a Stockholm, babban birnin Suwidin, a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Brussels da Paris sun mai da yawancin titunansu haka a 2021. A 2019 kuwa, Oslo da Helsinki, manyan biranen Norway da Finland, kowannensu ya rufe shekara ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko ɗaya ba. Ba daga sama abin ya faɗo ba: a Holan, bayan hatsarin hanya ya ci mutum kusan 3,300 a 1971, fiye da 400 yara, iyaye ne suka fito da gangamin "a daina kisan yara" har aka sauya fasalin titunan unguwanni.

Ga yadda za ku fara a naku titin. Ku haɗu ku uku ko huɗu, a ciki a samu tsoho, da mai tura keken jariri ko keken guragu, don su ke ganin abin da mai ƙarfi ke tsallakewa bai lura ba. Ku bi titin a ƙafa sau uku: da safe lokacin makaranta, da yamma, da dare. Ku ɗauki hoton duk inda dakali ya yanke, da lambatun da ba murfi, da fitilar da ta mutu. Ku lura da inda mutane ke tsallakawa a zahiri, wanda sau da yawa sawun ƙafa ya riga ya nuna shi, domin nan ya kamata a yi wurin tsallakawa, ko da injiniya ya fi son wani wuri.

Sannan ku auna gudu. Ku auna mita 50 tsakanin alama biyu, ɗaya ya riƙe agogon waya, ya ga sakan nawa kowace mota ke ɗauka. Raba 180 da adadin sakan, abin da ya fito shi ne gudunta a awa: sakan 6 kilomita 30 ne, sakan 3 kilomita 60. Ku yi wa mota 50 haka ku rubuta. Ku kuma ƙidaya mutum nawa ke tsallakawa cikin rabin awa, yara nawa ne a ciki. Takardar da ta ce "a cikin mota 50, guda kaza sun wuce gudun 60 a ƙofar makaranta" ta fi wadda ta ce "motoci na gudu sosai" wuyar jefawa a kwandon shara.

In za ku rubuta wa hukumar da ke da titin, ku fara gano wace ce, don babbar hanya da layin unguwa ba kasafai suke hannu ɗaya ba. Ku nemi abu biyu ko uku takamaimai, waɗanda ke tilasta wa direba rage gudu ko da ba jami'i a wurin: wurin tsallakawa da aka ɗaga ya yi tudu daidai da dakali, tsibiri a tsakiyar titi mai faɗi, fitila a daidai wurin tsallakawa. Allon gargaɗi shi kaɗai ba ya rage gudun kowa. Mafi arha a ciki shi ne hana fakin 'yan mitoci kafin mahaɗa da wurin tsallakawa, a kafa turaku don kada a karya, yadda direba da mai tafiya za su hango juna da wuri. Ƙaramin birnin Hoboken na Amurka ya dage a kan wannan, ya kuma yi shekaru a jere tun 2017 ba a rasa rai a titunansa ba. Ku roƙi dakali mai faɗin da mutum biyu za su gifta juna, mai gangara a bakinsa saboda keken guragu, da bishiyoyin inuwa, don titin da rana ke gasa mutum ba mai son bin sa a ƙafa.

Abu ɗaya da zan hana ku: kada ku zuba tudun rage gudu da kanku cikin dare. Tudun da ba a auna ba, ba fenti ba alama, masu babur yake kayarwa, ya kuma hana motar asibiti sauri. Ku miƙa takarda, ku karɓi shaidar an karɓa da kwanan wata, ku ajiye kwafi, bayan wata guda ku koma ku tambaya. In an yi gyaran, ku bari a yi wata uku, sannan ku koma kan alamomin nan biyu da agogonku ku sake auna mota 50.